SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI: Awon Ƙwarewar Ma'aikata A Birnin N'Djamena

A birnin N'Djamena akwai ma'aikata iri biyu waɗanda kowannenmu ya sani. Na farko ya shekara goma yana kwance injin mota yana ɗaurawa, da jin ƙarar inji kawai zai gaya maka inda cutar take, amma ba shi da ko ƙyallen takarda da zai nuna wa wanda bai san shi ba. Na biyu kuwa jakarsa cike take da takardun shaidar tarurrukan bita, kowace da hatimi da sa hannu, amma in aka ce masa ga aikin nan yi mu gani, sai ido ya raina fata. Ranar da kamfani ya buɗe ƙofar ɗaukar aiki, na farko a bakin ƙofa zai tsaya, na biyu ne zai shige. Bayan wata uku kuma sai ka ji kamfanin yana kukan babu ƙwararru a ƙasa, har ya aika a ɗauko masa daga waje.

Wannan hasara ce ta fuska uku, domin gwani ya rasa aiki, kamfani ya rasa gwani, kuɗin ƙasa kuma sun fita. Tushenta kuwa ɗaya ne, wato rashin sahihin ma'auni da za a gane abin da mutum ya koya a bakin aikinsa. A kan wannan ne muke so mu tattauna da masu karatu a wannan wata, musamman masu gareji da shagunan ɗinki da walda, da iyayen da suka damƙa 'ya'yansu a hannunsu, da kuma 'yan uwanmu masu aikin ofis da asibiti.

Lamarin ya shafi kusan kowa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Chadi suna neman abincinsu ne a wajen aikin gwamnati da kamfanoni masu rajista, kuma ƙididdigar hukumar UNESCO ta nuna cewa wajen mutum ɗaya ne cikin manya huɗu ya iya karatu da rubutu. Ma'anar wannan ita ce babbar makarantar koyon sana'a a ƙasar nan ba ta da aji ko allo. Tana nan a gindin bishiya a Diguel, da rumfunan kasuwar Dembe, da mayankar Farcha, da bakin titunan Chagoua da Moursal.

Yadda Na Da Suka Yi

Kakanninmu sun iso wannan wuri tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, sunan da Faransawa suka raɗa masa a 1900 bayan yaƙin Kuseri, kafin a mayar da shi N'Djamena a 1973. Mafi yawansu hanyar Makka ce ta biyo da su ta nan, guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, wasu har suka yi aure suka zauna. Wani Ba'amurke mai suna John Works ya wallafa littafi a 1976 a kan tarihin Hausawan Chadi, na wannan birni da na Abeshe. Abin da ya riƙe waɗannan bayin Allah a baƙon wuri shi ne sana'ar hannu da fatauci: fawa, jima, dukanci, wanzanci, ɗinki da koyar da karatun allo.

Kowace daga cikin waɗannan sana'o'i tana da hanyarta ta gwaji, ko da yake ba a kiranta jarrabawa. Yaron mahauci da wankin kayan ciki yake farawa, sannan tallan nama, sai an ga kamun ludayinsa a ba shi wuƙar fiɗa. Gwajinsa a fili yake, domin fatar da aka huda ta faɗi a kasuwa, kuma majemi ba zai ɓoye ba. Yaron tela zai daɗe yana guga da sa maɓalli da kalmasa kafin ya hau keke, almakashi kuwa shi ne na ƙarshe, saboda yadin mutane in an yanka shi ba daidai ba babu gyara. Wanzami ba ya riƙe zabirar kansa sai manya sun ga hannunsa ba ya rawa. A tsangaya ma, wanda ya ce ya haddace Alƙur'ani sai ya rubuta shi da ka, waɗansu malamai su bi shi baƙi bayan baƙi, kafin a yarda a kira shi alaramma, balle a kai ga gwani, wanda a nan Chadi da Barno ake cewa goni.

In mun duba da kyau, za mu ga abubuwa uku a cikin wannan tsari. Aikin kansa shi ne gwajin. Ana yin sa a gaban idon mutanen da suka san aikin. Sannan hawa-hawa ake yi, ba a ba yaro mataki na biyu sai ya ƙware a na farko. Masana harkar horo na zamani, bayan duk bincikensu, a kan waɗannan ukun suka tsaya.

Sai dai tsarin yana da rauni biyu da zamani ya tono. Na ɗaya, shaidar maigida iyakarta inda aka san maigidan. A lokacin da garin yake ƙarami, in an ce wane yaron wane ne magana ta ƙare. Amma ƙidayar 2009 ta sami kusan mutum miliyan 1 a N'Djamena, yau kuma ta wuce haka nesa, da gundumomi 10. Yaƙin da ya ɓarke a birnin a Fabrairun 1979 ya watsa mutane zuwa Kuseri da Maiduguri da sauran wurare, masu gida da yawa ba su dawo ba, yaransu suka tashi da sana'a a hannu babu mai shaidarsu. Rauni na biyu ya fi wuyar faɗa, amma gaskiya ce. Maigida shi ne malami, shi ne alƙali, kuma shi ne mai cin moriyar jinkiri, domin yaron da ya ƙware bai sami yaye ba ma'aikaci ne na kyauta. Akwai masu tsoron Allah da yawa da ba sa haka. Amma tsarin da ya dogara kacokan ga kirkin mutum ɗaya bai kare yaro ba.

Takardar Halarta Ba Ta Shaidar Iyawa

A ofisoshi da asibitoci da ƙungiyoyin agaji kuwa matsalar ta ɗauki wata kama. A nan horo ya yi yawa, awo ne ya yi ƙaranci. Babu makon da zai wuce ba a yi taron bita a wani otal ko zauren taro a birnin nan ba. Kwana uku ko biyar, a sha shayi, a ci abincin rana, a karɓi kuɗin zama, a ɗauki hoto, a raba takardar da ake kira atestasiyon. Abin da ke rubuce a jikinta gaskiya ne, wato wane ya halarta. Amma ba ta ce ya fahimta ba, ba ta kuma ce zai aikata ba.

Tun a 1959 wani malamin jami'a a Amurka, Donald Kirkpatrick, ya kasa awon horo gida huɗu, kuma har yau da wannan rabo ake aiki a ƙasashe da dama. Hawa na farko shi ne jin ra'ayin mahalarta, ko horon ya yi musu daɗi. Na biyu, a gwada ko sun koyi abin da aka koyar. Na uku, a bi su wurin aikinsu bayan an kwana biyu a ga ko hannunsu ya canza. Na huɗu, a duba ko ma'aikatar ta ga amfani, kamar raguwar ɓarna ko haɗari ko ƙorafin jama'a. Mafi yawan tarurrukanmu a hawa na farko suke tsayawa, inda za a raba takarda a rana ta ƙarshe a tambayi mutum ko ya gamsu. To, wa zai ci abincinka, ya karɓi kuɗinka, sannan ya rubuta cewa bai gamsu ba?

Bari mu ɗauki misali daga ɗakin shan magani. An koya wa ma'aikacin lafiya gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa, wanda ake ɗiga jini a kan ɗan ƙaramin faifai. Aikin yana da ƙa'idoji: yawan jinin da za a ɗiba, yawan ɗigon ruwan gwaji, da jiran minti 15 zuwa 20 gwargwadon irin faifan kafin a karanta. A zauren taro kowa zai amsa wannan daidai. Amma a watan Satumba, lokacin da zazzaɓi ya yi tsanani, iyaye mata sun yi layi har waje, yara suna kuka, shin yana jiran mintocin nan ko kuwa yana karantawa da wuri don layi ya ragu? Amsar wannan ba ta cikin atestasiyon. Sai wani ya je ya zauna a gefensa da agogo. Haka batun allurar riga-kafi, wadda yawancinta ake so ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, a garin da zafin Afrilu kan haura 40. Abin dubawa shi ne littafin da ake rubuta sanyin firji safe da yamma, ko ana cika shi a kan lokaci, ko kuwa ranar da aka ji masu duba-gari suna tafe ake cike na mako guda.

Akwai kuma mantuwa. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a kwanakin farko in ba a maimaita ba. Malaman tsangaya sun riga shi sani, shi ya sa suka riƙe tilawa. Saboda haka gwajin da aka yi a ranar rufe taro yana auna abin da ke kan harshe ne kawai. Gwajin da aka yi bayan wata uku shi ne yake auna abin da ya zauna.

Doka Ta Tanada, Kuɗi Ma Ana Biya

Wani zai ce ai wannan duk tsarin Turawa ne da bai iso mu ba. Ya iso tuntuni. Dokar ƙwadago ta ƙasashen da Faransa ta mallaka, ta 15 ga Disamba 1952, ta wajabta a rubuta yarjejeniyar koyon sana'a, ta ɗora wa maigida koyar da yaro sana'ar gaba ɗayanta daki-daki, ta kuma ce in wa'adi ya cika yaro ya yi jarrabawa a gaban wata hukuma dabam. Dokar ƙwadago ta Chadi ta 11 ga Disamba 1996 ita ma ta san da yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce, ta kuma san da lokacin gwaji ga sabon ma'aikaci, wanda na manyan ma'aikata ya fi na ƙanana tsawo. Amma a garejin unguwa yarjejeniyar ita ce goro da fatiha, a ofis kuma lokacin gwaji yakan wuce ba tare da kowa ya gwada komai ba.

Hukumomi ma akwai su. A 1992 aka kafa ONAPE, ofishin da ke kula da samar da aiki, wanda kuma ta hannunsa ake ba baƙi izinin aiki a ƙasa. A 1993 aka kafa FONAP, asusun tallafa wa horon sana'a, ƙarƙashin manufar haɗa ilimi da horo da aikin yi. Kamfanoni suna biyan harajin koyon sana'a na kashi 1.2 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya. Wato kamfanin da albashin ma'aikatansa ya kai sefa miliyan 10 a wata, yana zuba sefa 120,000 kowane wata, kwatankwacin mafi ƙarancin albashi na mutum biyu, tunda an tsayar da shi a kan sefa 60,000 a 2011. Aikin asusun shi ne taimaka wa kamfanoni da ƙungiyoyin masu sana'a wajen horar da mutanensu. Mu lura da kalmar ƙungiyoyi. Asusu irin wannan da ƙungiya mai rajista yake magana, ba ya bin mutum ɗaya ɗaya a rumfarsa.

Makarantun fasaha na gwamnati da na mishan da na majalisar 'yan kasuwa suna ba da takardun CAP da BEP da BTS, kuma takardu ne masu daraja. Sai dai ƙofarsu ta wanda ya yi boko ce, da Faransanci ko Larabcin makaranta. Yaron da ya tashi a gareji tun yana ɗan shekara 14 ba ta nan zai bi ba. Ga shi kuma a kamfanoni ana kasa ma'aikata aji-aji, albashi yana bin aji, aji kuma yakan bi takarda. Ta haka ne za ka tarar da mutumin da kowa ke kira in inji ya ƙi tashi, amma a takardar albashi sunansa lebura.

Darasin Mai Walda

Zuwan man fetur ya nuna mana yadda awo na gaskiya yake. Tsakanin 2000 da 2003 aka shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga yankin Doba zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru. A 2011 kuma aka buɗe matatar Djarmaya, kimanin kilomita 40 arewa da birnin nan, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Ayyuka irin waɗannan suna buƙatar masu walda, kuma masu walda ba su yi mana ƙaranci ba, ga su nan a kowace unguwa suna ƙera ƙofofi da tagogi da gadaje.

Amma waldar bututun mai tana da ƙa'idar da duniya ta yarda da ita. Ba a tambayar mutum shekarunsa a sana'a, ba a kuma tambayar wa ya koya masa. Guntayen bututu biyu ake ba shi, a kafa su yadda za su kasance a fili, a ce ya haɗa, sufeto yana tsaye. In ya gama, a ɗauki hoton cikin waldar da na'ura irin ta hoton ƙashi a asibiti, ko a yanko yanki a lanƙwasa shi da inji a ga ko zai tsage. In ta tsaya ya ci, a ba shi lamba, kuma duk haɗin da ya yi a fili da lambarsa a jiki. Shaidar tana bayyana irin waldar da irin ƙarfen da ya ci gwaji a kai, kuma in ya yi wata shida bai taɓa irin wannan aikin ba, sai an sake tabbatarwa.

A duba adalcin da ke cikin wannan. Ƙarfe bai san ɗan wane ba, bai san ƙabila ba, bai san Faransanci ba. An san abin da za a gwada tun kafin ranar gwaji. Mai gwadawa ba shi ne mai koyarwa ba. Shaidar kuma tana tafiya da mai ita duk inda ya je. Wannan shi ne gwajin fatar mahauci, an dai ƙara masa takarda da hatimi. Abin da ya hana yawancin masu waldarmu shiga shi ne ba su taɓa ganin irin gwajin ba, balle su yi shirinsa.

Harshe Kada Ya Zama Shinge

Harsunan hukuma a Chadi biyu ne, Faransanci da Larabci. Amma harshen aiki a gareji da kasuwa Larabcin Chadi ne, sai Ngambai da Hausa da Kanuri da Fulatanci da sauransu gwargwadon unguwa. In aka ba bakanike takarda da Faransanci aka ce ya bayyana yadda birki ke aiki, ya kasa, abin da aka auna shi ne Faransancinsa. In aka ba shi babur ɗin kilando da aka ɓoye wa lahani uku, aka ce ya nemo su cikin awa ɗaya yana bayani da harshen da ya iya, to an auna kanikancinsa.

Wannan ba ya nufin karatu ba shi da amfani. Motocin yanzu da kwamfuta ake binciken cutarsu, mai haɗa sola dole ya iya lissafin batir da kaurin waya, mai ba da magani dole ya karanta kwali. Inda aiki ke buƙatar karatu, a gwada gwargwadon abin da aikin ke buƙata, a kuma koya wa wanda bai iya ba. Abin da muke ƙi shi ne a mayar da rubutu ƙofar da za a kore gwani tun kafin a ga hannunsa.

Abin Da Waɗansu Suka Yi

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Jamhuriyar Benin, inda bikin yaye ɗan koyo yakan ci kuɗi har yaro ya ƙara shekaru yana tara abin biya, gwamnati ta fito da takardu biyu a 2005. Ɗaya, CQP, ta yaran da ke haɗa aiki a shago da zuwa cibiyar horo. Ɗayar kuwa, CQM, ta waɗanda suka koya a hannun maigida kawai, gwajinta na aikin hannu ne, kuma ƙungiyoyin masu sana'a suna cikin masu shirya shi. A Nijeriya ma'aikatar ƙwadago ta daɗe tana yin gwajin sana'a mai aji uku, daga na uku zuwa na ɗaya, kuma asusun ITF da aka kafa a 1971 yana karɓar kashi 1 cikin 100 na albashi daga kamfanoni don horo. A Jamus, majalisar masu sana'a ce ke jarraba ɗan koyo, da kwamitin da ya ƙunshi masu gida da ma'aikata da malamai. Faransa kuwa tun 2002 dokarta ta ba mutum damar neman difloma da ƙwarewar da ya samu a bakin aiki, ya kawo hujja a gaban kwamiti. A 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da shawara mai lamba 208 a kan ingantaccen koyon sana'a, wadda ta nemi a auna abin da ɗan koyo ya iya, a ba shi shaidar da aka amince da ita, a kuma ɗaga darajar koyon da ake yi a shagunan unguwa.

Duk waɗannan hanyoyi suna da nasu cikas. Inda takarda ta yi daraja, masu sayar da ita za su ɓullo, kuma takardar da aka saya ta fi rashin takarda illa, domin tana zubar da mutuncin ta gaskiya. Maganin wannan shi ne a yi gwaji a bainar jama'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin Da Ke Hannunmu

Ba sai mun jira gwamnati ba kafin mu fara. Ga shawarwarinmu ga shugabannin sana'o'i da dattawan al'umma.

Na farko, kowace sana'a ta zauna ta lissafa ayyukan da dole ɗan koyo ya iya kafin a yaye shi. Kada su yi yawa, 15 zuwa 20 sun isa, kuma kowanne ya zama abin da ido zai gani. "Ya san lantarki" ba ma'auni ba ne. "Ya ja waya a ɗaki biyu, ya zaɓi kaurin waya daidai da nauyin kaya, ya sa wayar ƙasa, ya gwada kafin ya kunna", wannan ma'auni ne. Gobarar kasuwa ba baƙuwa ba ce a garuruwanmu, kuma sau da yawa ga wayar lantarki ake danganta ta.

Na biyu, kowane yaro ya sami ɗan littafi tun ranar da aka kawo shi. Duk aikin da ya iya, maigida ya sa hannu ko ya dangwala da kwanan wata. Uba ya riƙa leƙawa yana dubawa ko da sau ɗaya ne a wata uku. In shekara ta zagayo shafi bai motsa ba, akwai tambaya, ko dai ga yaro ko ga maigida.

Na uku, ranar gwaji a samu mutum uku: gwanaye biyu daga waɗansu shaguna, da malami ɗaya daga makarantar fasaha in ya samu. Maigidan yaro ya zauna ya gani, amma kada ya yi hukunci. A yi sau biyu a shekara, a tsayar da kuɗi kaɗan sananne, a rubuta sakamako a babban littafin ƙungiya yadda duk mai shakka zai iya zuwa ya duba.

Na huɗu, wanda ya faɗi a gaya masa ainihin inda ya faɗi, ya koma ya gyara, ya sake wannan ɓangaren kawai. Haka kuma a ofis, in ma'aikata suka fahimci cewa awo tarkon kora ne, za su ɓoye abin da ba su iya ba, alhali gano shi ne amfanin awon.

Na biyar, kada a manta da mata. Masu ɗinki da saƙa da kitso da lalle da girkin sayarwa suna horar da 'yan mata masu yawa a cikin gidaje, kuma su ma suna buƙatar shaidar da za su nuna in za su nemi rance ko kwangilar ɗinkin kayan makaranta.

Na shida, ga masu kamfani da shugabannin ofis: kafin ku tura mutum bita, ku rubuta abu biyu ko uku da kuke so ku ga ya canza a aikinsa. Bayan wata uku ku je ku duba. In babu canji, ku tambaya ko horon ne bai yi ba, ko kuwa kayan aiki ne babu, domin sau da yawa mutum ya koya amma ya dawo ya tarar babu abin da zai yi aikin da shi.

Mun san akwai masu gida da za su ce wannan raini ne, a kawo wani ya duba yaron da suka raina da hannunsu. Muna roƙonsu su dubi abin ta wata fuska. Maigidan da yaransa ke cin gwaji shekara bayan shekara, sunansa ne zai tashi, iyaye za su yi layi a ƙofarsa, kuma ƙungiyar da ke da littafi da tsari ita ce za ta iya tsayawa gaban FONAP da ONAPE da majalisar 'yan kasuwa ta nemi a amince da shaidarta, ta kuma nemi rabonta na kuɗin horo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyayenmu sun shigo garin nan babu takarda, amanarsu da aikin hannunsu suka shaide su. Garin ya girma ya fi ƙarfin shaidar baki, saboda haka nauyi ne a kanmu mu ba 'ya'yanmu shaidar da za ta yi magana a inda ba a san mu ba. Muna fata shugabannin mahauta da teloli da kanikawa da masu walda za su fara zama a kan wannan batu kafin shekara ta ƙare, kuma shafin nan a buɗe yake ga duk ƙungiyar da ta fara, ta aiko mana da yadda ta yi don waɗansu su koya. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya ba masu gida ikon sauke amana, Ya ba yara haƙurin koyo, amin.